Ganye Mai Farin Gefe

Ranar da Malam ya fara shiga lambun, Auta tana tsugune tana cika ledojin dashe da ƙasa, hannuwanta duk taɓo. Lambun na mahaifinta ne, a gefen babban titi, inda ake sayar da shuke-shuken ado. Cikin 'ya'ya mata huɗu ita ce ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ta gaji hannun Baba. Yayyenta ko barkono suka dasa sai ya mutu.

Shi Malam dogo ne, rigarsa ta sha guga, ga burbushin alli a bakin hannunta. Malamin lissafi ne a wata makarantar firamare.

"Sannu da aiki. Fulawa nake so."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ai duk nan fulawa ce. Wacce?"

"Waccan mai ruwan hoda. Guda ashirin, za mu jera a jikin katangar makaranta."

Sai a nan ta ɗago. "Makarantar ƙananan yara?"

"Eh."

"To, ba zan sayar maka ba."

Malam ya yi sororo. Tunda yake bai taɓa ganin mai kaya ya ƙi ciniki ba. Ta wanke hannu a bokiti, ta jawo reshen ta nuna masa.

"Dubi ganyen. Dogo, siriri, kuma uku-uku suke fitowa a kowace gaɓa. Oliyanda ke nan. Guba ce tun daga saiwa har fure. Yaro ya tauna ganye ɗaya, sai asibiti."

"Subhanallah! Ga ta kuwa da kyau."

"Kyan ne ya ruɗe ka. Fure yau akwai, gobe ya zube. In kana son ka san shuka, abu uku za ka yi. Ka dubi yadda ganye ya zauna a jikin reshe, ka dubi gefensa, sannan ka karya shi ka ga ruwan da zai fito."

Ya ce ya ji. Ƙarya yake yi, babu abin da ya ji, bakinta kawai yake kallo. Ta haɗa masa iksora mai jan fure wadda ba ta cutar da kowa. Ya karɓi lambarta wai ko shukar za ta yi rashin lafiya.

Iksora kuwa lafiyarta ƙalau, amma kwana biyu tsakani sai ga hoton wani ganye a wayarta, da saƙo a ƙasa.

*"Likitar ganye, na ga wannan a hanyar makaranta. Shi ma kisa yake yi, ko na iya wucewa ta gabansa?"*

Ta yi dariya ita kaɗai, ta rubuta:

*"Malam Fulawa, wannan fulawar takarda ce. Abin da kake gani ja ɗin nan ma ba fure ba ne, ganye ne ya yi kwalliya. Furen na gaske ɗan fari ne a tsakiya. Ka wuce abinka, ƙayarta kawai za ka kiyaya."*

*"To ke fa? Ke ma akwai ƙaya?"*

*"Akwai. Ka bi a hankali."*

Daga nan babu shukar da ta tsira a garin. Ta bakin banki, ta tsakiyar shataletale, ta ƙofar asibiti, duk sai da ya ɗauki hotonsu ya turo. Ita ta san ba ilimi yake nema ba, shi ma ya san ta sani. Kafin shekara ta zagayo ya zama ɗan gida a lambun. Da an tashi makaranta zai zo ya naɗe hannun riga ya kama jan tiyon ban ruwa. Yana kiranta Ganyena, tana kiransa Malam Fulawa, domin har lokacin duk abin da ya tsiro a ƙasa, a wurinsa fulawa ne.

Sai dai ba shi kaɗai ke zuwa ba.

Akwai Injiniya, ɗan kwangilar da ke ƙawata harabar otal-otal da manyan gidaje. Shi mota guda yake sayen shuka, kuma ya san sunayensu na littafi. Zai tsaya kusa da Auta, kusa fiye da yadda ciniki ke buƙata, su yi ta jefa wa juna sunaye masu tsawo suna dariya. Malam yana can gefe riƙe da tiyo, zuciyarsa na tafasa. Rannan har ya cika wata tukunya ta yi ambaliya bai sani ba.

Da yamma ya turo saƙo.

*"Me ya ce miki da kika yi dariya har kina riƙe ciki?"*

*"Sunan wata shuka ya faɗa ba daidai ba."*

*"Ni kullum ina faɗa ba daidai ba, ban taɓa ganin kin riƙe ciki ba."*

*"Kai kishi kake yi?"*

*"Ina yi. Sosai ma. Na tsani motarsa, na tsani hularsa, na tsani duk wata shuka mai dogon suna."*

*"Kwantar da hankalinka, Malam Fulawa. Shi kwastoma ne. Kai kuwa ko tukunya nawa ka kashe ba zan kore ka ba."*

Baba dai ba haka yake gani ba. Ranar da Malam ya tattara ƙarfin hali ya ce yana so ya turo manyansa, tsohon ya ci gaba da wasa almakashin datsa. Sannan ya nuna wata shuka da bakin almakashin.

"Mene ne wannan?"

Malam ya ce, "Fulawa ce, Baba."

"Waccan fa?"

"Ita ma... fulawa ce."

"Ka gani?" in ji Baba. "Yaro, ban ƙi ka don hali ba, kana da kirki. Amma shekara talatin da biyar na yi ina renon wurin nan, kuma Auta zan bar wa. Mijin da bai san abin da ke ciki ba, ranar da na kwanta dama zai ce mata a sare a gina shaguna. Ga Injiniya can, ko da ido rufe ya san kowane reshe."

Jin sunan Injiniya ya sa kunnuwan Malam suka yi zafi. "Baba, a ba ni lokaci."

"Wata uku. Zan yanko rassa goma in ajiye a kan teburin nan, babu fure ko ɗaya a jikinsu. In ka san su, ka turo manyanka. Kuma ban yarda 'yata ta koya maka ba, don na san halinta, raɗa maka za ta yi."

Auta ta yi kuka, Mama ta sa baki, Baba ya ce shi fa ya gama magana.

To, a cikin watannin nan uku ne Mai Kemis ta shigo labarin.

Wata budurwa ce mai shagon magani a unguwar su Malam, fara, mai fara'a, irin matan nan da in sun yi dariya sai kowa ya waiwayo. Tsohuwar kwastomar lambun ce. Shekara biyu da suka wuce Baba ya samo wata shuka da ba a saba gani ba, ligustrum mai sheƙin ganye da farin gefe. Guda biyu ya samo, ɗaya ta mutu, ɗayar Mai Kemis ta saya. Auta da hannunta ta je ta dasa ta a tsakar gidansu, a jikin wata farar katanga. A iya saninta, duk garin babu wata sai ita.

Rannan Mai Kemis ta zo sayen taki, ta hango Malam yana jan tiyo.

"Lah! Yaya Malam! Ashe nan kake ɓuya?"

"A'a, 'yar kemis, ke ce a gari?"

"Kwana biyu ba ka leƙo mu ba. Umma tana ta cigiyarka."

Ta yi dariyar nan tata, shi ma ya yi. Auta tana auna taki, ta cika ledar har ta yage. Yaya Malam. Ita da ta shekara da shi ba ta taɓa jin wata ta ja sunansa haka ba.

Bayan ta tafi Auta ta ce, "Yaushe ka zama yayanta?"

"Maƙwabta ne fa. A wurinta nake karɓar maganin hawan jinin mahaifiyata."

"Shi ne har da Umma tana cigiya."

"Ganyena, kishi kike yi?"

"Ni? Allah ya sawwaƙe. Matsa, kana taka min dashe."

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma sai Malam ya fara ɓacewa. Asabar, wadda da a lambun yake wuni, yanzu sai ya ce yana da uzuri. Bayan makaranta ma sai ya leƙo a tsaitsaye ya wuce. Hotunan ganye suka daina zuwa, tunda Baba ya hana ta koya masa. In ta tambaye shi ina yake zuwa, sai ya yi murmushi ya ce, "Karatu nake yi." Karatu a ina, wurin wa, ba ya faɗa.

Wata Asabar da hantsi ta kasa daurewa.

*"Kana ina?"*

*"Ina wani wuri da za ki so shi in kin gan shi."*

*"Turo hoto in gani."*

Ya turo. Ga shi nan yana murmushi, gumi a goshinsa, an ga ya sha aiki. Wata macen fuskarsa za ta kalla. Auta kuwa bayansa ta kalla, don ita idonta ko a hoton biki kan shuka yake fara sauka. Ta sa yatsa biyu ta buɗe hoton. Bayan kafaɗarsa akwai farar katanga, a jikinta kuma ga wata shuka mai sheƙin ganye da farin gefe.

Ta zauna a kan buhun taki ba ta san ta zauna ba. Ta sake buɗe hoton har ya dushe, ta rufe, ta sake buɗewa. Ita ta haƙa ramin shukar nan. Ita ta zuba mata ruwan farko. Ashe inuwa ta dasa wa wata ta zauna da saurayinta.

Ta rubuta:

*"Ka gaida Umma."*

*"Wace Umma?"*

*"Mai cigiyarka. Malam, ka manta sana'ata. Kowa za ka iya rufewa ban da ni. Shukar da ke bayanka ni na dasa ta, kuma gida ɗaya ne ke da ita a garin nan. Allah ya ba ku zaman lafiya. Kada ka sake kirana."*

Ya kira sau bakwai, ba ta ɗauka ba. Ya turo saƙo:

*"Ganyena, wallahi ba abin da kike zato ba ne. Ba zan iya faɗa miki inda nake ba tukuna, amma ki sake duba hoton da kyau."*

Ta karanta, ta ce a ranta, ji rainin hankali, ni zai ce in sake duba shuka. Ta toshe lambarsa.

Sati uku suka rage a wa'adin Baba, kuma sati ukun nan lambun bai ji daɗinsu ba. Auta ta datse shingen gaba har sai da ya koma kamar kan da aka yi wa aski da fushi. Abinci sai Mama ta yi da gaske take ci. Ta buɗe hoton nan ya fi sau ɗari, kullum don ta ƙara wa kanta haushi, ba ta taɓa buɗe shi don ta duba ba. Malam ya zo sau biyu, tana hango shi ta shige rumfar dashe ta ja ƙofa.

A zuwansa na uku ya tarar Injiniya yana buɗe mata ƙofar mota, wai zai kai ta ta ga wani aiki da yake yi. Da ba ta yi niyyar zuwa ba. Ganin Malam a bakin titi ne ya sa ta shiga, har da gyara mayafi. Ba su yi nisa ba ta ce kanta na ciwo a mayar da ita. Shi kuwa Malam bai ga dawowar ba, tafiyar kawai ya gani, ya koma gida kamar ya haɗiyi garwashi.

Mama ta same ta a ɗaki ta ce, "Auta, kin tabbata kuwa? Yaron nan bai yi min kama da mai fuska biyu ba."

"Mama, mutum yana ƙarya. Shuka ba ta yi."

"To, Allah ya kyauta. Ni dai na ga kina ramewa."

Ranar wa'adi ta zo. Baba ya ce shi bai san da wani faɗa ba, alkawari ya yi kuma zai cika. Da sassafe ya zagaya da almakashi ya yanko rassa goma, ya tsige duk wani fure, ya jera su a kan teburin dashe. Auta ta ce ba zai zo ba. Ƙarfe goma sai ga shi, ya rame shi ma, da wata doguwar leda a hannu. Ya gaida Baba, ya gaida Mama da ta fito wai shan iska. Auta tana can nesa ta juya baya tana ban ruwa, amma kunnenta duk yana teburin.

Malam ya ɗauki reshe na farko. "Uku-uku a gaɓa, dogon ganye. Oliyanda. Wannan ko a mafarki na san ta, ita ta haɗa ni da gidan nan."

Baba bai yi dariya ba. "Na biyu."

"Ganye ɗaya nan, ɗaya can, gefensa sumul, ga ƙaya a hammatar ganye. Fulawar takarda."

Na uku ya juya shi. "Shi ma da ƙaya, amma ganyen biyu-biyu ne suna kallon juna, kuma gefen da haƙora kamar zarto. Duranta."

Tiyon da ke hannun Auta ya tsaya a kan tukunya ɗaya.

Haka ya yi ta bi. Wani ya murza ganye, wani ya ɗaga shi a rana yana duba jijiyoyi. Da ya zo na bakwai ya rasa gane shi, sai ya sa farcen babban yatsa ya kankare ɓawon, ya kai hanci ya shinshina, ya rufe ido. Baba ya ƙura masa ido, girarsa ta haɗe. Na bakwai ɗin bai ci ba, na tara ma bai ci ba. Takwas ya ci.

Baba ya shafa gemu. "Goma na ce."

"Haka ne, Baba. Ban cika ba. Amma ina roƙon alfarma ɗaya. Ni ma na zo da reshe guda, ina so a faɗa min sunansa."

Ya zare shi daga leda ya ajiye a kan tebur. Ganye mai sheƙi, da farin gefe.

Auta ta jefar da tiyo. Tun daga inda take ta taho, idonta ya kaɗa.

"Har nan za ka kawo min shi? A gaban iyayena? Har reshe ta yanko maka, don in san kun yi nisa? Ligustrum ne, Baba! Na gidan Mai Kemis, wanda na dasa da hannuna. A can yake wuni duk Asabar!"

Baba ya dubi reshen sau ɗaya, ya dubi 'yarsa.

Malam ya ce a hankali, "Malama, ranar da na fara zuwa nan kin ce abu uku ake yi. A ranar ban ji ba, ke nake kallo. Daga baya na koya. Ki yi su mana."

"Ba na buƙata."

"Yi, Auta," in ji Baba.

Ta fizgi reshen don ta gama da maganar. Ta dube shi. Ligustrum ganyensa biyu-biyu ne, kowanne da abokinsa a gabansa. Wannan kuwa ɗaya nan, ɗaya can, suna hawa kamar matakala. A ƙarshen reshen ga ɗan tsini a naɗe, mai kaifi. Bakin kowane ganye ya ja dogo ya lanƙwasa. Tun a nan ta fara shakka, amma taurin kai ya sa ta tsinke ganye ɗaya.

Farin ruwa ya ɓullo kamar madara, ya gangaro ya manne mata a yatsa.

"Mene ne?" in ji Baba.

Ta ce, "Cediyar ado ce."

"Ligustrum yana da farin ruwa?"

"Ba shi da shi."

"Irin wannan nawa ne a garin nan?"

"Ta fi dubu, Baba. Akwai goma sha biyu a bayan rumfarmu."

Baba ya fashe da dariya har da tari. "Shekara ashirin ina koya miki! Shi wata uku ya ci takwas cikin goma, ke an ba ki ɗaya kin faɗi ɗaya!"

Mama ta ce, "Ai na faɗa mata."

Auta ta rufe fuska da mayafi, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta cikin mayafin ta ce, "To ina ne wurin? Katangar wa ce?"

Malam ya ciro waya ya nuna mata wani hoton, wanda aka ɗauka daga nesa. Ɗan ƙaramin gida ne mai ɗaki biyu, da farar katanga da ya shafa wa fenti da kansa. A tsakar gidan tukwane sun fi arba'in a jere, kowacce da 'yar takarda a rataye da rubutunsa na malamin makaranta.

"Gidan da na kama mana ne. Nan nake karatun. Na so ranar da za ki shiga ki tarar da lambu, don na san ba za ki iya kwana inda babu ganye ba." Ya mayar da wayar aljihu. "Ke kuma kika shiga motar Injiniya."

"Ko shataletale ba mu kai ba na sauka."

"Kin gyara mayafi."

"Don ka gani na gyara."

"Na gani kuwa. Kwana uku ban ci abincin kirki ba."

"Ni sati uku," in ji ta, hawaye na zuba tana dariya. "Ka yafe min, Malam Fulawa."

"Na yafe, Ganyena. Amma ki buɗe lambata."

Baba ya yi gyaran murya. Dariyar ta bar fuskarsa. "Tsaya tukuna, yaro. Tukwane arba'in. A lambuna ba ka sayi ko ɗaya ba. Kuma ɗazu na ga ka kankare ɓawo da farce kana shinshinawa ido rufe. Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan ɗabi'ar. Wa ya koya maka?"

Malam ya sunkuyar da kai. Wannan ne abin da ya sa ya yi ta ɓoyewa. "Tsohon bakin gada ne, Baba."

Tsohon bakin gada shi ne mai ɗaya lambun da ke ƙarshen gari. Tare suka koyi aiki da Baba suna samari, kuma shekara talatin ke nan kowanne yana cewa ɗayan bai iya dashe ba.

"Wa?" Baba ya miƙe tsaye. "Duk garin nan ka rasa wurin zuwa sai wurin mutumin da ke kashe shuka da yawan ruwa? Shi ya sa ka faɗi biyu! Da ni na koya maka da goma za ka ci!"

"Baba, ai kai ne mai jarrabawar."

"To sai me? Ka tambaya na hana ka?"

Mama ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ashe gado ne. Uba da 'ya duk kishi."

Baba ya yi ta faɗa yana zagaya teburin, sannan ya tsaya ya ɗauki reshe na bakwai da na tara ya tura wa Malam a ƙirji. "Gobe bayan makaranta ka zo nan in gyara ɓarnar da ya yi maka. Kuma ka ce wa manyanka ina jiransu ranar Asabar. Mutumin da ya je har wurin abokin gabana don 'yata ba zai sare min lambu ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Injiniya ya aiko da gaisuwa, bai zo ba. Mai Kemis ta zo da Ummanta, ta rungume amarya, ta ce, "Yaya Malam ya yi dace." Auta ta yi murmushi ta gode, amma sai da ta matse hannun ango har ya ce wash. Tsohon bakin gada ma ya zo da kyautar dashe a leda. Baba ya karɓa, ya tura yatsa cikin ƙasar, ya ce ruwa ya yi yawa. Suka zauna a benci ɗaya suna musu har aka watse.

Da aka kai amarya, kafin ta ga ɗaki sai da ta zagaya tukwanen nan arba'in tana karanta takardun. Ta gyara guda uku. Da ta zo kan cediyar ta ce a bar ta a tukunya a matsar da ita bakin ƙofa, don in ta shiga ƙasa kusa da katanga saiwarta za ta fasa ginin.

Kishi dai bai bar Auta ba, kada ma wani ya yi zaton aure ya warkar da ita. In Malam ya yi latti, ko wayarsa ta yi ƙara ya yi murmushi, sai ta tsare shi a bakin ƙofa da tambaya. Shi kuwa ba ya musu. Hannu kawai yake miƙawa ya tsinko ganye ɗaya daga cediyar ya ba ta. Sai ta karya, ta ga farin ruwan, ta harare shi, dariya ta ƙwace mata, sannan ta zauna ta ji bayani. Shi ma ranar da motar Injiniya ta tsaya a lambu, da ya dawo gida ita ke tsinko masa.

Shekararsu uku yanzu, da 'yarsu ɗaya. Cediyar tana nan a bakin ƙofa, ta yi tsawo, samanta ya cika da ganye. Rassan ƙasa ne dai, daidai inda hannu ke kaiwa, har yau ba su taɓa samun damar cika ba.

Allah ya bar su tare, ya raya musu abin da suka dasa.